Ɗana yana so ya binne akwatin Geocaching a tuddan rairayin Formby, ya halatta?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna zaune a Liverpool, kuma ɗana mai shekara goma ya kamu da son wasan nan na Geocaching, wanda ake ɓoye ƙananan akwatuna a sa lambobin wurin a manhaja, wasu su bi GPS su nemo. Hutun Ista ya zo, yana ta roƙona mu je Formby wajen tuddan rairayi da dajin bishiyoyin fayin. Bai tsaya ga nema ba, har ya tanadi robar abinci da ɗan littafi wai zai tona rami ya binne nasa. Ni dai hankalina bai kwanta ba, don na san wurin gandu ne da ake karewa. Waɗanda suka saba zuwa, don Allah ku ba ni shawara.

Baban 'yan biyu, Southport: Wa alaikumus salam Hajiya. Maganar tona rami ki kashe ta tun a gida. Dokar wasan kanta ta hana binne akwati, kuma duk wanda zai ɓoye sabo sai ya sami izinin mai ƙasar, sannan ya bar tazarar mita 161 tsakaninsa da wani akwatin. Formby na hannun National Trust, ƙungiyar da ke adana wuraren tarihi da gandaye, gandun Ainsdale da ke maƙwabtaka da shi kuma hukumar kare muhalli ta Natural England ke kula da shi, an ayyana shi tun 1965. Masu duba sababbin akwatuna ba za su wallafa nasa ba in babu izini. Ko da ma an bari, rairayin wurin tafiya yake yi. Abin da ya binne yau, iska ɗaya ta tashi daga teku sai ya yi zurfi ko ya fito fili.

Mai tambaya: Na gode Malam. To neman fa, shi ma akwai matsala?

Anti daga Crosby: Babu matsala ƙanwata, ku je ku sha iska. Amma abin da nake so ki kula da shi shi ne lokacin. Daga Afrilu kwaɗin nan da ake kira natterjack ke haihuwa a 'yan kududdufan da ke kwarin tsakanin tuddan. Ƙanana ne, da ɗan layi ruwan ɗorawa a gadon baya, ba sa tsalle sosai, gudu suke yi. Ƙwansu kuwa kamar zaren carbi yake kwance a ruwa marar zurfi, yaro ɗaya ya taka da takalmin roba ya gama da su. Dokar kare namun daji ta 1981 ta kare su, su da ƙadangarun rairayin wurin, kama su ma laifi ne. Matsalar ita ce kibiyar waya ba ta san kududdufi ba, miƙe take nunawa. Ki koya masa ya bi hanyar da aka fitar ko da ta yi zagaye. Inda aka kewaye da igiya ko shinge, kada ya tsallaka. Ita ma doguwar ciyawar nan mai kaifi da ke kan tuddan, saiwarta ce ke riƙe da rairayin, tattaka ta ke buɗe wa iska ƙofa.

Wallahi ni abin na damuna idan na ga iyaye suna kallo yara na tumurmusa wurin.

Wani ɗalibi, Manchester: Mama, ƙarin bayani kan dajin. A ƙarƙashin bishiyoyi GPS na rikicewa, zai iya karkacewa da mita goma ko fiye. Idan kun kusa, ya ajiye wayar ya yi aiki da ido: gindin bishiya, kututture, tarin 'yan itatuwa da aka jera yadda ba zai faru da kansa ba. Ya karanta alamar taimako da saƙonnin waɗanda suka riga shi, idan mutane da yawa a jere sun ce ba su samu ba, ku wuce. Ku fara da akwatuna masu sauƙi, masu tauraro ɗaya ko biyu a manhajar. Ya tafi da biro na sa hannu a littafin da ke cikin akwati, don ƙananan akwatunan ba su da shi. In ya ɗauki abin wasa daga akwatin ya bar wani a madadinsa, ban da abinci. Wanda ke da lambar bibiya a jikinsa kuma ba na riƙewa ba ne, ana kai shi wani akwatin.

Baban 'yan biyu: Ku hau jirgin Merseyrail mai zuwa Southport, ku sauka a Freshfield. Ku duba jadawalin cikowar teku kafin ku gangara bakin ruwa, yana dawowa da sauri. Ba a kunna wuta ko gashi a wurin. In Allah ya sa kun yi sa'a za ku ga jajayen kurege, amma kada a ba su abinci.

Mai tambaya: Allah ya saka muku da alheri. Na karanta masa, ya ɗan ɓata rai kan akwatin nasa. Akwai wanda ya san yadda ake neman izini a wani lambun unguwa kusa da gida?

Anti daga Crosby: Ki rubuta wa sashen lambuna na ƙaramar hukumarku. Asusun manhajar kuma ya zama da sunanki, don ke za ki riƙa zuwa duba akwatin in littafin ya jiƙe ko ya cika.