Takalmin guduna yana cinyewa ta gefen ciki, ƙwaurina kuma yana ciwo

Mai tambaya daga unguwar Nima, Accra: Assalamu alaikum jama'a. Ina gudu bayan sallar Asuba a wajen filin Kawukudi, ranar Asabar kuma ina bin ƙungiyarmu mu hau dutsen Aburi daga Ayi Mensah. Kambas ɗina na ƙafar dama ya cinye ta gefen ciki, daga dunduniya har ƙarƙashin babban yatsa, na hagu kuwa lafiya lau. Yanzu ƙwaurina na dama yana zogi ta ciki, wani lokaci har gwiwa. A kasuwar gwanjo ta Kantamanto na saye shi. Wani mai shago ya ce ƙafata ce ke karkata ciki fiye da kima, sai na sayi takalmi mai tauri a gefe, ga shi da tsadar gaske. In saya ko in dakata? Ba na son barin gudun nan, da shi hawan jinina ya daidaita.

Shumeka (mai gyaran takalmi) a Mamobi: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ɗora takalman biyu a kan tebur, ka durƙusa ka dube su ta baya. In na daman ya jingina ciki, ya gama aiki, ko na manna masa sabon ƙasa ba zai miƙe ba, don soson tsakiya ne ya mutu. Amma tambayata: da ka saye shi, ka juya ƙasansa? Takalmin gwanjo da tafiyar mai shi na farko yake zuwa. Sau da yawa ana wanke shi ya yi fes, ciki kuwa ya riga ya lotsa da siffar ƙafar wani. Duba silifas ɗinka da takalmin da kake zuwa masallaci, waɗanda kai kaɗai ka taka. In su ma ta ciki suke ci, to ƙafarka ce.

Ma'aikaciyar sashen gashi (gashin ƙashi a asibiti): Yayana, karkatar ƙafa zuwa ciki ba cuta ba ce. Galibi in mutum ya taka, gefen dunduniya na waje ne ke fara sauka, sai tafin ƙafa ya ɗan mirgina ciki ya shanye nauyin jiki, sannan babban yatsa ya tunkuɗa gaba. Shi ya sa cin gefen dunduniya na waje bai da wata matsala. A wani bincike da aka yi a Denmark, wanda ya fito a 2014, an bi sabbin masu gudu sama da 900 tsawon shekara guda, duk da takalmi na gama-gari, kuma masu karkatar ƙafa ba su fi sauran jin rauni ba. Don haka kada wani ya tsorata ka da kuɗinka.

Abin da ya fi damuna shi ne zogin ƙwaurin. Bi gefen ƙashin da yatsa. In ciwon ya bazu kamar tsawon tafin hannu, galibi wahalar gudu ce ta yi yawa, hutu da rage nisa suna maganinsa. In kuwa wuri ɗaya ne tak da za ka iya nunawa, ko yana damunka da dare, ko ba ka iya tsalle da ƙafar, to ka tsaya cak ka je asibiti, don ƙashi yana iya yin 'yar tsaga. Asibitin Korle Bu suna da sashen gashin ƙashi. Ka tafi da tsohon takalmin su gani.

Dattijo a ƙungiyar Aburi: Yaro, wane gefen titi kake bi? Kwalta a karkace ake yin ta don ruwa ya gangara kwata. In kullum hannu ɗaya kake riƙewa, ƙafar da ke sama ce ke ƙara lanƙwasawa ciki. Mai bin hagu yana fuskantar motoci, damarsa ce a sama. Koma cikin fili mai ƙasa tukuna. Gangaren Peduase na dutsen Aburi kuma ka sauko da tafiya, saukowa ta fi hawa cin gwiwa.

Wani ɗan Sabon Zango: Ni dai takalmi mai tauri a gefen ya taimake ni, tafin ƙafata shimfiɗe yake. Kada a kushe shi gaba ɗaya.

Ma'aikaciyar sashen gashi: Gaskiyarka, akwai waɗanda yake yi wa amfani, musamman in ciwon yana ta dawowa. Sai dai a gwada da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu a gaba, a ɗan yi sassarfa da shi kafin a biya. Takalmin gudu yakan gaji tsakanin kilomita 500 zuwa 800, na gwanjo kuwa ba wanda ya san nawa ya riga ya ci. Kafin nan yayana, ka riƙa ɗaga dunduniya a bakin matakala, ka tsaya da ƙafa ɗaya lokacin goge baki, ka kuma gajarta taku in ka koma gudu.

Mai tambaya: Na duba silifas ɗin, daidai suke ci. Kuma hagu nake bi kullum, Baba. Ciwon a baje yake. Shumeka, zan biyo ta wajenka bayan La'asar ka raka ni zaɓen wani, Allah Ya saka muku da alheri.