Wace kalma za mu ba SCD da Hausa?

Jama'a ku taya ni, akwai abin da likitocin ƙwaƙwalwa ke kira SCD, wato subjective cognitive decline, mutum shi da kansa yake jin kansa ba kamar da ba, sunan maƙwabci ya ɓace masa, ya shiga ɗaki ya tsaya ya rasa me ya kawo shi, amma in an yi masa gwaji a asibiti sai a ga lafiya lau. Frank Jessen na Jamus da abokan aikinsa suka tsara ma'anar a 2014.

Wani ɗan uwa ya ce a ce gigin tsufa kawai. A'a wallahi. Gigin tsufa ai sai abu ya yi nisa, tsoho ya kasa gane jikokinsa, ya fita ya rasa hanyar gida. Shi wannan yana kasuwarsa yana lissafinsa daidai. Ka ce wa dattijo gigi ya kama shi, ba zai sake buɗe baki ya faɗa wa kowa ba, alhali so ake ya faɗa da wuri.

Kuma yawancin masu SCD ba sa kaiwa ga gigin fa, rashin barci da damuwa ma suna kawo SCD ɗin. Sai dai haɗarinsu ya kai kusan ninki biyu na sauran mutane, an fi sa ido in mutum ya kai shekara 60, abin ya faro cikin shekara 5, yana damunsa kuma maiɗakinsa ma ta lura.

Ni dai ƙorafin mantuwa na zaɓa, don ƙorafi daga bakin mai shi yake fitowa. An ce ba mantuwa kaɗai ba ce, har da rashin natsuwa da laluben kalma, gaskiya ne, a takardar asibiti sai a rubuta ƙorafin raunin tunani.

Saura kalmar da za mu ba default mode network da Marcus Raichle ya bayyana a 2001, sassan ƙwaƙwalwa masu aiki tare in mutum ya yi shiru yana tuna jiya yana tsara gobe. Suna cikin wuraren da furotin amiloyid na cutar Alzheimer, mai kawo gigin tsufa, ke fara taruwa, kuma hoton MRI na wasu masu ƙorafin ya nuna sadarwarsu ta canza. Wata 'yar uwa ta kawo saƙar zuci, ta burge ni sosai, aikin sassan kenan. Tsorona kada a zaci ciwon zuciya ake nufi. Malaman Hausa, mu ƙara mata "ta ƙwaƙwalwa" ko ta yi tsawo?