Masu ɗaukar hoton fasaha: da gaske ana ci da wannan aiki?

Sabon_Hannu ya rubuta:

Assalamu alaikum. Sana'ata ɗaukar hoton biki da na fasfo, kuma alhamdu lillahi tana rufa min asiri. Amma akwai hotunan da nake ɗauka don kaina, ba wanda ya sa ni: tsofaffin ƙofofi da hannuwan masu sana'a. Na ji akwai waɗanda irin wannan ne aikinsu, a rataye hotonsu a gidan baje koli, a saya kamar yadda ake sayen zane. Ta ina ake shiga wannan layi? Sai da digiri? Kuma da gaske mutum zai iya riƙe iyali da shi?

Baba_Mai_Hoto ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Abu na farko, kada ka raina hoton biki da fasfo. Da yawa daga cikin manyan da ake ji da su daga nan suka fito.

Duba Samuel Fosso. Yana ɗan shekara 13 ya buɗe shagon hoto a Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, a 1975. Da rana ya ɗauki masu zuwa, da yamma in fim ya rage sai ya sauya kaya ya ɗauki kansa, yana aika wa kakarsa. Kusan shekara ashirin yana wannan abu ba wanda ya kira shi fasaha, sai a 1994 da aka nuna hotunan a bikin hotuna na farko na Bamako. A 2023 ya karɓi kyautar Deutsche Börse, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan wannan fage. Malick Sidibé na Mali ma samarin Bamako yake bi wuraren rawa da kyamara, ga shagonsa yana aiki, kuma shi aka ba kyautar Zakin Zinare a babban bikin fasaha na Venis, a Italiya, a 2007.

Wanda na fi so ka duba shi ne J.D. 'Okhai Ojeikere, ɗan Najeriya. Daga 1968 ya kama ɗaukar kitson mata, galibi ta ƙeya, baƙi da fari, bango ba ado. Bai sake ba har ya tara kusan dubu. Hoto ɗaya a ciki, kitso ne kawai. Amma in ka jera hamsin a bango sai ka ga zamani yana sauyawa a kan mata, ka ga kuma idon mutum ɗaya da ya nace. Haka Bernd da Hilla Becher na Jamus suka shafe shekaru fiye da arba'in suna ɗaukar tankunan ruwa da manyan injinan masana'antu, kullum a sama mai gajimare don kada inuwa ta ɓata siffar.

Wannan nacin shi ne aikin, a ganina. Masu zaɓen hotuna ba sa neman wanda ya dace da kyakkyawan hoto ɗaya, kowa yana dacewa. Suna neman wanda ya zauna a kan abu guda har ya ga abin da sauranmu muke wucewa. Don haka ƙofofin nan naka, ci gaba, kuma ka riƙa rubuta inda ka ɗauka da ranar. Ina jin takaicin yawan masu baiwa da suke sauya jigo duk wata, ƙarshe ba su da abin nunawa.

Hajiya_Baje_Koli ta rubuta:

Baba ya yi maganar ido, bari in yi ta kuɗi, don a gidan baje koli nake aiki.

Hoto ana iya buga shi sau dubu, to me zai sa wani ya biya da tsada? Shi ya sa ake ƙayyade adadi. Ka ce wannan hoton kwafi biyar ko goma kacal za a buga a wannan girman, ka sa hannu da lamba a bayan kowanne, 1/5, 2/5, har su ƙare. Yawanci farashi yana hawa in kwafin ya kusa ƙarewa. In ka ƙara bugawa a ɓoye bayan ka ce biyar, ka kashe sunanka, kuma labari yana yawo da sauri a tsakaninmu.

Gidan baje koli galibi rabi yake ɗauka a kan abin da aka sayar. Kuɗin bugawa da na firam kuwa, ku yi magana tun farko a rubuce wa zai biya, don a nan ake yawan ɓatawa. Sannan wanda ya sayi hoto takardar ya saya, haƙƙin mallaka yana hannunka sai in ka sayar da shi daban.

Mai_Shakka ya rubuta:

Ni dai ina tsoron a ɗora wa yaron nan buri. Kowa yana ambaton hoton kogin Rhine na Bajamushe Andreas Gursky da aka yi gwanjonsa dala miliyan 4.3 a 2011. Mutum nawa ne Gursky? Kuma shi ɗalibin Bernd Becher ne a makarantar fasaha ta Düsseldorf, yana da malamai da hanya. Fosso ma ai sai da wani ya zo ya gani.

Baba_Mai_Hoto ya rubuta:

Gaskiyarka, Malam, ban musa ba. Akasarin waɗanda na sani suna koyarwa, ko suna yi wa mujallu da kamfanoni kwangila, ko neman tallafi, sayar da hoto ƙari ne. Kuɗin gwanjo kuma sau da yawa aljihun wanda ya sayi hoton tun farko yake shiga. Shi ya sa na ce kada ya raina hoton biki da fasfo.

Digiri yana ba ka mutane da masu gyara maka ido, amma ba sharaɗi ba ne. Sebastião Salgado, shahararren mai ɗaukar hoto ɗan Brazil, tattalin arziki ya karanta kafin ya kama kyamara. Batun a gan ka kuma, yanzu hanyoyin sun fi na 1994 yawa: ga bikin Bamako yana nan, ga bikin hotuna na LagosPhoto da aka fara a 2010, ga na Arles a Faransa. Irin waɗannan tarukan sukan ware lokaci ka zauna da masana su duba aikinka.

Sabon_Hannu ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, in zan tura aiki, hoto nawa ya kamata?

Hajiya_Baje_Koli ta rubuta:

Amin. Sha biyar zuwa ashirin, duk a jigo ɗaya. Kada ka haɗa ƙofofi da hannuwa, zaɓi wanda ya fi nuna. Buga su ƙanana ka shimfiɗa a ƙasa, ka yi ta sauya jeri har ka ga wanne ke kiran wanne, domin a allon waya ba za ka gane haka ba. Ka haɗa da bayani gajere, rabin shafi: me kake ɗauka, tun yaushe, me ya ja ka. Kuma kafin ka biya kuɗin shiga kowace gasa, karanta sharuɗɗanta, don wasu suna karɓe ikon amfani da hotunanka ko ba ka ci ba.