Babur ɗin da na gada yana hayaƙi yana shan baƙin mai, a buɗe inji ko a bari?

Mai Neman Shawara:
Assalamu alaikum. Don Allah masana harkar babur ku taimaka, kaina ya kulle. Babur ne na mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, da aka zo rabon gado ya faɗo a kasona. Ni firij na so a ba ni, amma yayyena suka ce ni ne mai zirga-zirga, Hajiyarmu kuma ta ce ba ta yarda a sayar wa bare ba, don da shi marigayin yake zuwa masallaci da kasuwa. Ya yi kusan shekara biyu a zaure an lulluɓe shi da tabarma, saboda sai da aka jira wani yayanmu ya dawo daga Legas kafin a yi rabon. Ni daga Rijiyar Zaki nake zuwa aiki Bompai, kuɗin adaidaita ya fi ƙarfina, ga 'yan makaranta biyu.

Matsalar ita ce da safe ba ya tashi sai na yi ta buga kik har gumi ya jiƙa ni. In ya tashi kuma, da na saki totur sai ya mutu. Yana hayaƙi, yana shan baƙin mai, akwai wata ƙara ƙas-ƙas daga saman inji, batir ba ya kwana da wuta. Na sa sabon batir, sabon filogi da sabuwar kafireta, na juye baƙin mai, duk a banza. Mai yi min gyara ƙanin matata ne, ya ce sai an buɗe inji an yi ribo, wato a faɗaɗa ramin bulok a sa fistin da ya fi girma. N40,000 ce kawai a hannuna. In bari ya buɗe?

Oga Bakanike:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Malam, ka ba mu labarin gado kaf amma ba ka faɗi wane irin babur ba ne. Mai bawul ne, ko irin AX100 da ake zuba wa man haɗi? Domin in irin AX100 ne, hayaƙi aikinsa ne. Hayaƙin wane launi ne, kuma yaushe yake fita? Baƙin man da yake sha, nawa ne a tafiyar kilomita nawa? Wane mai ka zuba? Tsohuwar kafiretar tana ina?

Mai Neman Shawara:
Na China ne mai injin CG, 125. Hayaƙin fari-fari ne da ɗan shuɗi. Mita ta daɗe da mutuwa, ban san kilomita ba, amma duk sati sai na ƙara kamar kofin shayi. Man ragowar na motar maigidana ne, mai tsada ne kuwa. Tsohuwar kafiretar tana wajen yaron.

Ɗan Fagge:
Ƙarar nan taimin cen ne, sarƙar cikin inji mai juya kam, ya saki. A canja shi da tenshina, shi ke nan. Hayaƙi kuma ringi ne, yaron ya yi gaskiya.

Oga Bakanike:
Ɗan Fagge, injin CG ba shi da taimin cen. Tun da Honda ta fito da shi a shekarun 1970, sanduna biyu ne ke tura bawul daga ƙasa, kam ɗin kuma giya ce ke juya shi, 'yan China ma haka suka kwafa. Mai cen shi ne irin CB da su roba-roba. Duk wanda ya karɓi kuɗin taimin cen a kan CG ya ci haram.

Malam, kada a kwance ko noti ɗaya na bulok tukuna. A fara da setin bawul, kuma sai inji ya kwana ya huce sarai. A cire murfin kai, a buɗe ƙananan murafu biyu na gefen hagu, a juya magineto ta hannun hagu har alamar T ta zo daidai da tsagar da ke jikin murfi, a taɓa rokoki biyun a ji duka suna ɗan motsi. In ba sa motsi a ƙara zagaye ɗaya. Sai a sa filageji, wato siririn ƙarfen auna rata, 0.08 na milimita, na shiga da na fita duka. In ratar ta yi yawa, ita ce ƙas-ƙas ɗin da kake ji. In ta matse, bawul ba ya rufewa, matsin inji yana zurarewa, shi ne babur ke ƙin tashi da safe. A inji ɗaya ana iya samun ɗaya ya saki ɗaya ya matse. Kada ka yarda a yi maka da kunne ko da reza.

Bayan nan a auna matsi. A cire filogi, a ɗaura geji, a buɗe totur har ƙarshe, a buga kik biyar ko shida. Lafiyayyen CG yana ba da 150 psi zuwa sama. In ya faɗo kusa da 100, a zuba baƙin mai cokalin shayi ɗaya ta ramin filogi a sake aunawa. Ya hau sosai, ringi ne. Bai motsa ba, bawul ne ko fakin kai, ribo ba zai yi maganinsa ba.

Lokacin hayaƙin ma yana magana. Wanda ke fita da safe kaɗai ya ɗauke bayan minti biyu ko uku, sil ɗin bawul ne ya bushe, mai yana gangarowa cikin dare. Wanda ke ƙaruwa duk sanda aka ja totur, ga iska tana hurowa da ƙarfi ta tiyon numfashin inji, wannan ringi ne. Kuma babur ɗin da ya daɗe a ajiye ringinsa kan manne a jikin fistin, wani lokaci ya saki da kansa bayan an yi tafiya da sabon mai.

Tsohon Ɗan Acaɓa:
Duk wannan lissafin da kayan da ina? Yanzu kasuwar nan jabu ya fi na gaske yawa. Kwali iri ɗaya, tambari iri ɗaya, ka sa ringi wata biyu ya koma hayaƙi. A tambaye ka “na ɗaya ko na biyu”, ka biya kuɗin na ɗaya a miƙo maka na uku. Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013 manyan kanikawan babur da yawa suka koma gyaran adaidaita, aka bar mu da yaran da ba su san filageji ba sai guduma. Ga fetur tun da aka cire tallafi a 2023 ya zama abin da ya zama, na 'yan bumburutu kuma rabi ruwa rabi datti. Shawarata ka sayar ka cika kuɗi ka sayi Boxer ko da na hannu ne.

Mai Neman Shawara:
Baba, maganar sayarwa ba ta taso ba, na faɗa tun farko Hajiya ta hana. Kuma ni a gidan mai nake shan mai.

Mai Wayarin:
Batir ɗin da ka saya ba shi da alaƙa da ƙin tashi. Yawancin CG na da, CDI ɗinsu, akwatin da ke sarrafa wutar filogi, daga kwayil ɗin magineto yake samun wuta kai tsaye, ko babu batir kik zai tayar da shi. Abin dubawa shi ne me ya sa ba ya caji, in ba haka ba sabon ma zai bi tsohon.

A sa mita a kan batir inji a kashe, ya kamata a ga volt 12.6 ko kusa. A tayar a ɗan ja totur, a ga tsakanin 13.5 da 14.5. In bai motsa daga 12 ba, rektifaya ce ko kwayil ɗin caji ko soket ɗin da ke tsakaninsu ya yi kore. In ya haura 15, rektifaya ta lalace tana dafa batir, za ka ga ruwansa yana ƙafewa, ƙwan fitila yana yawan ƙonewa. In caji lafiya lau amma yana sauka cikin dare, a kashe makulli, a cire wayar ƙasa ta batir, a sa ƙaramin ƙwai tsakani. Ya kawo haske, akwai inda wuta ke zurara. Babur ɗin da ya shekara biyu a zaure, ɓera na farko da zan zarga, a ɗaga tanki da kujera a bi wayoyin. A kankare inda wayar ƙasa ta kama firam har ƙarfe ya yi fari. A duba gidan fis, kada a tarar an naɗa zaren waya a madadinsa, haka babura ke kamawa da wuta.

Don tashin safe kuma a gwada tartsatsi: filogi a jikin inji, a buga kik. Shuɗi mai ƙara ake so. In ja ne siriri, a fara canja hular filogi, ita ce mafi araha, kafin a taɓa kwayil ko CDI.

Oga Bakanike:
Mai Wayarin ya gama magana a ɓangarensa. Saura abu biyu da ka yi da hannunka, Malam.

Man mota ka juye shi yau. Kulocin babur a cikin mai yake wanka, man mota na zamani kuma akwai mai sinadarin ƙara santsi, yana sa faranti su riƙa zamewa. Ga shi yawanci tsinkakke ne, tsohon inji mai rata zai sha shi kamar ruwa. Ka nemi 20W-50 na babur mai rubutun JASO MA, wajen lita ɗaya yake ci, a auna da sanda ba tare da an murɗa ta ciki ba, babur a tsaye cak. Wajen juyewa a kwance babban murfin nan mai sifana 24 a ƙasan hagu, akwai sifirin da 'yar raga a ciki, a wanke da kananzir. CG ba shi da filtar takarda. Akwai wani kofi mai juyawa a bayan murfin kuloci mai sukurori uku, shi ke tara dattin mai. Da wuya ka ga an taɓa buɗe shi, za a tarar da baƙin laka ya daskare.

Sai kafireta. Ka je ka karɓo tsohuwar. Sababbin masu araha jet ɗinsu ba ya zuwa daidai, ta asali in an wanke ta fi su. Fetur ɗin da ya kwana shekara biyu ya zama danƙo ya toshe ƙaramin jet na sulo, shi ya sa yake mutuwa in ka saki totur. A jiƙa, a zura silin wayar tagulla guda ɗaya, a hura iska. Ban da allura, tana faɗaɗa ramin. Sukurun iska a murɗa shi ciki a hankali har ya tsaya, a dawo da shi zagaye ɗaya da rabi zuwa biyu, daga nan a daidaita bayan inji ya yi zafi, sulo wajen zagaye 1,400 a minti. Amma in tankin ya yi tsatsa, ko kafireta goma ka saya za su toshe. Ka haska tocila ciki. In ja ne, a cire shi, a zuba farin binega da 'yan notuna a girgiza, ya kwana, a ɗauraye da ruwa mai bakin soda, a shanya ya bushe ƙarau, a sa 'yar filta a tiyon mai. A duba wuyan da ke haɗa kafireta da inji ko yana shan iska. Soson iska kuma in ya fara marmashewa a canja, in da sauransa a wanke da kananzir a shafa masa mai kaɗan a matse. Da ƙurar hunturun nan, babur marar soso yashi yake haɗiya, shi ne ke cinye ringi.

Mai Neman Shawara:
Oga na gode, amma man nan fa na babbar mota ne, ya fi na babur tsada nesa ba kusa ba, ban ga yadda zai cutar ba. Kafiretar ma ba mai araha ba ce, mai shagon ya rantse min ta ɗaya ce. Yaron kuma ba ɗan koyo ba ne, ya shekara shida a gareji. In na je na ce ya kawo geji ya auna, kamar na ce ban yarda da shi ba ne, maganar za ta koma gida.

Mai Kayan Gyara:
Ni ina bayan yaron. Injin da ya haura shekara goma yana shan kofi a sati, ko an yi seti sai an dawo an buɗe, gara a yi sau ɗaya. Faɗin ramin bulok ɗin milimita 56.5 ne, fistin ƙari yana zuwa 0.25, 0.50, 0.75 da 1.00. A sayi fistin tukuna a kai wa mai ribo tare da bulok, ya yanka daidai da shi. A tafi kasuwa da tsohon, don fin ɗinsa akwai mai 13 akwai mai 15. Ko kuma a sayi bulok da fistin da ringi haɗe, sau da yawa kuɗin kusan ɗaya ne. Wajen haɗawa rubutun IN ya kalli kafireta, rubutun ringi ya kalli sama, bakunansu a rarraba kada su hau layi ɗaya, kilif ɗin fin sabo, fakin sabo. Kilomita 500 na farko kada a wuce gudun 50, ban da lodi, sannan a juye mai. Kuma a daina ɗora mana laifin jabu. Mutum zai zo a nuna masa mai kyau ya ce a ba shi na rabin kuɗi, in ya lalace ya ce 'yan kasuwa macuta ne. Araha ba ta ado.

Oga Bakanike:
Alhaji, kai kaya kake sayarwa, dole ka so a buɗe. In kwanetin rod yana da wasa sama da ƙasa, sabon bulok wata nawa zai yi? Dubu arba'in ɗin za ta kai ga kiranshaf? A buɗe inji kuɗi su ƙare, babur ya koma zaure a cikin buhu.

Malaman Sifok:
Kowa na ta inji, ba wanda ya tambayi taya da birki, ga shi mutumin yana maganar ɗaukar yara. A gefen taya akwai lamba huɗu, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara. In ta wuce shekara biyar ko gefenta ya tsattsage, a canja har da tub. Takalmin birkin da ya daɗe a ajiye fatarsa kan ɓare daga ƙarfen ta kulle ƙafa ana cikin tafiya. Sarƙa 428 ce, a canja ta tare da sifiroket biyun, a bar mata wasa kamar santimita 2. A girgiza ƙafar baya a ji boris da robobin hob. Ni da wannan zan fara kashe kuɗin, hayaƙi bai taɓa kayar da kowa ba.

Mai Neman Shawara:
Tayoyin suna da kyau, Baba bai cika tafiya mai nisa ba. Yanzu dai yaron ya kira ni ya ce ya riga ya sauke kan injin tun da rana, wai in turo kuɗin fistin kafin a rufe kasuwa. Tsohuwar kafiretar kuma ya ce ya sa wa wani.

Oga Bakanike:
To da me za a auna matsin yanzu? Ce masa kada ya sayi komai. Ya zura ringin sama shi kaɗai cikin bulok ya auna ratar bakinsa, in ta wuce 0.5 na milimita ka faɗa min. Ya kifa kan injin ya zuba fetur a kan bawul a ga ko yana zuba. Ka turo hoton cikin bulok ɗin.

Ɗan Fagge:
Tunda an buɗe a duba taimin cen ɗin dai.

Mai Neman Shawara:
Oga, yaron ya ce ba shi da filageji, amma ya sa farce ya ji bulok ɗin ya ci. 0.50 zan ce ya sayo ko 0.25?