Kafin ka ce wa mutum "thin"

Daga hirar da muka yi da wasu malaman Turanci, shawarar da ta fi ƙarfi ita ce: in yabo kake nufi, ka ce "slim". Ita ce ta yi daidai da siriri ko siririya, jiki mai kyan tsari. "Slender" ma yabo ce, amma an fi ganinta a rubuce, ana kuma faɗinta ga yatsu ko wuya.

"Thin" kuwa sai da lura, don mai ji zai iya ɗauka ramamme ka kira shi. "Skinny" ta fi zafi, kamar ka ce mutum ƙashi da rai ne.

Abin da ya fi ba ɗalibai wahala, ni ma na daɗe ina tuntuɓe a kansa, shi ne "slim chance". Ba ruwanta da jiki, nufinta da ƙyar ne abu ya yiwu.