Atisaye ni kaɗai da asuba ya isa, ko sai na je fili da yamma?

Ɗan tsakiya, Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata uku ke nan da Yaya ya ɗora ni a shagonsa a babbar kasuwa, ba na tashi sai gab da magariba, ƙungiyarmu ta ƙwallon ƙafa kuwa da an yi la'asar take shiga fili. Sai na koma yi ni kaɗai. Da an sallame asuba nakan ɗaura takalmi in yi gudu har wajen filin Karkanda in dawo, sannan in yi ta dukan katangar bayan gidanmu da ƙwallo. Jikina bai taɓa yin ƙarfi kamar yanzu ba. Amma ranar Asabar koci ya ajiye ni a benci, ya sa yaron da na tabbata na fi shi numfashi. Abin ya ci mini rai. Wa ya taɓa shiga irin wannan?

Tsohon ɗan baya, Rafin Daɗi: Ƙanena, ni ne nan. Na taɓa yin wata huɗu ban taka filin ƙungiya ba saboda aikin gini, amma kullum ina gudu. Ranar da na dawo koci ya ga jikina a murɗe, ya sa ni tun farkon wasa. Mu huɗu ne a baya. Ashe bayan tafiyata sun saba da cewa da kyaftin ya ce "fita!" sai kowa ya yi taku biyu gaba a bar ɗan gaban abokan hamayya cikin satar gida. Ya faɗa, su uku suka fita, ni ina tsaye ina kallon ƙwallo. Ni na halatta wa yaron nan cin farko. Kafin a tafi hutun rabin lokaci na sake yi. Ban gaji ba ko kaɗan, wallahi ko zufar kirki ban yi ba, amma ni aka fara cirewa, kuma ban ga laifin kowa ba.

A wasan manya na minti 90 ɗan tsakiya kan yi gudun kilomita 10 ko fiye, amma lokacin da ƙwallo ke ƙafarsa duka-duka bai wuce 'yan mintoci ba. Sauran duk karatun mutane ne: wa zai ruga, wa zai tsaya, wane ne ke son a ajiye masa a ƙafa, wane ne ke son a jefa masa gaba. Katanga ba za ta koya maka wannan ba, yadda ka ba ta haka take maido maka.

Bahagon dole, Sabuwar Unguwa: A'a Yaya, kada a raina katanga. Mu a filinmu mutum ashirin da wani abu ne kan ƙwallo biyu, ɗaya ma tana sace iska. Sau nawa za ta zo ƙafarka a yamma guda? Ni da ƙafar hagu ko tsayar da ƙwallo ba na iyawa. Hunturu guda na yi ina buga wa bangon makwabta ɗari biyu kullum da hagu zalla, ƙafa duk kaushi, har tsohuwar gidan ta aiko jikanta ya ce in bar mata bango ta yi lazimi. Yau ni ke bugun kwana daga dama. A atisayen ƙungiya ba wanda zai tsaya jiranka ka gyara ƙafa.

Wata 'yar gudu, Daura: Ni ba ƙwallo na yi ba, gudun miƙa sanda na mita 100 sau huɗu muka yi a sakandare. Kowaccenmu ita ce ta ɗaya a ajinta, saboda haka muka ga ba sai mun ɓata lokaci wajen gwada miƙawa ba. Ranar gasa na taso da wuri, wadda za ta ba ni tana ta kiran sunana, sanda ta faɗi ƙasa tsakaninmu. Waɗanda suka ci ba su kai mu sauri ba. Har yau in na tuna sai in ji kunya.

Ɗan dambe, Daura: Buhun yashi na rataye a bedi shekara guda ina duka. Ranar da na shiga fage, tun a turmin farko na gane buhu ba ya kaucewa, ba ya ramawa. Sai dai kuma ba don buhun ba da hannuna bai yi nauyin da ya yi ba.

Mai horar da yara, Ƙofar Ƙaura: Ɗana, kocinka bai zalunce ka ba, ni ma wanda na gani a fili shi nake sawa. Amma akwai gyara a abin da kake yi. Doguwar sassarfa zuwa Karkanda tana ba ka numfashi, sai dai gudun ƙwallo daban ne: a fizga mita 20 ko 30, a tsaya cak, a juya, a sake fizga. Rage doguwar zuwa sau biyu a mako, sauran ranakun ka jera duwatsu ka yi gajerun. Ka bar kwana guda jiki ya huta, na ga yara da yawa da ciwon gwiwa saboda ƙwazon da ba hutu. Sannan ka samu yayanka cikin ladabi, ba a gaban masu ciniki ba, ka roƙi yamma biyu a mako.

Ɗan tsakiya, Ƙofar Marusa: Na gode Baba, na gode kowa. Jiya bayan isha'i na samu Yayana. Ya ba ni Talata da Alhamis, da sharaɗin ni zan riƙa buɗe shago da sassafe a ranakun, kuma in na karye kada in neme shi da kuɗin ɗori. Bahago, ɗari biyun nan a tsaye kake yinsu ko kana matsawa?