Neman shawara kan tafiyar binciken wel a Antaktika kafin in biya kuɗin

Tsohon Malamin Bayoloji, Arkilla:
Assalamu alaikum. Na shafe shekara 31 ina koyar da ilimin halittu a makarantun sakandare a nan Sakkwato, kuma kowace shekara sai na zana wa ɗalibai wel a allo, in bayyana musu cewa ba kifi ba ne, dabba ce mai shaƙar iska da huhu, mai haihuwa ta shayar da ɗanta nono. Tun lokacin nake da burin ganinsa da idona. Yanzu na yi ritaya, kuɗin sallama sun fito, kuma ɗana da ke aiki a waje ya ce zai cika mini abin da ya rage. An kawo mini tayin tafiya ta kwana 11 a jirgin ruwa daga Ushuwaya, can ƙarshen kudancin Ajantina, zuwa Antaktika, a kan dala 9,400 ban da kuɗin jirgin sama, kuma sun ce fasinjoji suna taya masana tattara bayanai kan wel. Akwai tashi biyu, ɗaya a ƙarshen Nuwamba mai ɗan rahusa, ɗaya a ƙarshen Fabrairu, wanda zai faɗa cikin azumi. Tambayoyina biyu ne: shin aikin binciken na gaske ne ko ado ne kawai na talla, sannan wane wata ya fi dacewa ga wanda wel ɗin ya kai shi? Ina roƙon wanda ya taɓa zuwa ya ba ni labarin abin da ya gani.

Ɗan Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam, Baba. Ni ban je kudu ba, amma lokacin da nake karatu a Norwe na shiga irin wannan jirgi daga Longiyabiyen a tsibiran Sibalbad, can arewa da Norwe, cikin watan Yuli. Mun ga farin wel da ake kira beluga garke guda kusa da gaɓa. Abin da ya fi wahalar da ni shi ne rana ba ta faɗuwa sam a can daga wajen 20 ga Afrilu har ƙarshen Agusta, don haka da agogo muke ƙiyasta lokutan salla. Shawarata ku bar Antaktika ku nufi arewa, ya fi kusa da gida. Sai dai ku nemi bizar Shengen, ta ƙasashen Turai, mai shiga fiye da sau ɗaya, domin ta Norwe za ku bi a tafiya da dawowa.

Hajiya Likita, Gawon Nama:
Malam, barka da hutawa. Na yi wannan tafiya a watan Fabrairu, kuma zan amsa tambayarku ta farko kai tsaye: aikin na gaske ne, amma ƙarami ne, kuma ya kamata ku san girmansa kafin ku biya. Babban abin da fasinja ke yi shi ne ɗaukar hoton ƙarƙashin wutsiyar wel mai doro a daidai lokacin da ya ɗaga ta zai nutse. Zanen baƙi da fari da tabban da ke wurin sun bambanta daga wel zuwa wel, kamar yadda zanen yatsa ya bambanta tsakanin mutane. Ana ɗora hoton a shafin intanet na Happywhale tare da rana da wurin da aka ɗauke shi, kwamfuta ta gwada shi da dubban hotunan da ke ajiye, idan an taɓa ganin wannan wel ɗin sai a nuna maka inda aka gan shi. Cikin hotuna kusan 300 da na ɗauka, huɗu ne kawai suka fito yadda ake so, kuma ɗaya daga cikinsu ya dace da wel da aka taɓa ɗauka a gaɓar Ekwado, inda suke zuwa haihuwa a ruwa mai ɗumi. Har yau idan wani ya sake ganinsa saƙon imel na shigo mini. Da irin waɗannan hotunan aka gano wani namiji da aka gani a gaɓar Kolombiya a 2013 da 2017, sannan aka sake ganinsa kusa da Zanzibar a 2022, tazarar kimanin kilomita 13,000. Ban da wannan, mun sauke wani farin faifai a ruwa da igiya don auna zurfin da ido ke daina ganinsa, mun kuma ɗebi ruwa don shirin FjordPhyto mai nazarin ƙananan tsirran teku da kiril ke ci, shi kuma kiril, wato ƙananan jatan lande, shi ne abincin wel ɗin. Ni dala 13,800 na biya, domin ɗakina mai taga ne kuma mu biyu ne a ciki.

Alhaji Mai Fata, Kofar Rini:
Malam, ku saurare ni da kyau, domin abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Na yi wannan tafiya, kuma har gobe idan na tuna ta raina na ɓaci. Wani dillali ne ya haɗa ni da ita lokacin da harkar fata ta kai ni Birazil. Ya karɓi kafin alƙalami dala 2,500, ya tabbatar mini biza ba matsala ba ce. Bizar ba ta fito ba sai bayan jirgin ya tashi da kwana shida. Na nemi a mayar mini da kuɗina aka nuna mini wani sakin layi a takardar da na sa wa hannu, aka ce ba a mayarwa, sai dai a ɗaga mini zuwa shekara mai zuwa in ƙara ciko. Na ƙara, aka sa ni a tashin farkon Nuwamba.

Mashigin Direk kuwa, tekun da ke tsakanin Ushuwaya da Antaktika wanda ake kwana biyu ana tsallakawa, ban taɓa ganin azaba irinsa ba. Igiyar ruwa tana ɗaga jirgin tana maka shi, kwanuka na zubewa a ɗakin cin abinci, ni kuma ina kwance ina amai har ba abin da ya rage a cikina, a zaune nake salla ina riƙe da ƙarfen gado. Da muka isa, ƙanƙara ta toshe wurare biyu daga cikin waɗanda aka yi mana alkawari. Wel kuwa sau uku muka hango tururin numfashinsa daga nesa, wutsiya ko ɗaya ban ɗauka ba. Binciken da aka cika mu da shi a takardar talla ya ƙare a lacca biyu da wani zama na minti 40 muna leƙa ɗigon ruwa a na'ura. Maganar abinci kuma, kifi da shinkafa da burodi na rayu a kai, tun da ba wanda ya iya gaya mini yadda aka yanka naman. Da na haɗa lissafi, da jirgin sama da inshora da kayan sanyi da otal, abin ya haura dala 17,000. Da wannan kuɗin da na haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyenmu. Ban yafe wa dillalin nan ba.

Injiniya, Mabera:
Allah ya mayar da alheri, Alhaji, amma kuɗin nan naku ya yi yawa ƙwarai. Abokin aikina ya sauka Ushuwaya ba tare da ya yi rajista ba, ya zauna kwana biyar yana zagaya ofisoshin masu sayar da gurbin da ya rage, ya sami gado a ɗakin mutum huɗu a kan dala 5,900. Duk wanda ya biya fiye da 7,000 an cuce shi.

Hajiya Likita, Gawon Nama:
Injiniya, ba a cuce ni ba, na san abin da na saya. Wancan tsarin na matashi ne mai lokaci, wanda zai iya zaman jiran tsammani a garin da otal ke da tsada, kuma yana iya ƙarewa bai sami gurbi ba. Dattijo mai biza mai wa'adi ba zai yi wannan cacar ba. Sannan girman jirgi na canza komai: a ƙa'idar ƙungiyar IAATO ta masu kai baƙi Antaktika, mutum 100 ne kawai ke sauka ƙasa a lokaci guda, jirgin da ya ɗauki fiye da fasinja 500 kuwa ba ya sauke kowa. Alhaji, ina jajanta muku, amma watan da aka sa ku shi ne tushen matsalar. A farkon Nuwamba yawancin wel suna kan hanya daga ruwan ɗumi, a Fabrairu da Maris ne suke cika wurin suna kiwo.

Ɗan Autan Kanwuri:
Baba Malam, ni tawa shawarar ita ce ku tafi da masuntan Argungu biyu da gorarsu da homarsu, kafin awa ɗaya za su fito muku da wel ɗin ku ɗauki hoton wutsiyar a tsanake. Kuma ku fara gwaji a hunturun bana, ku kwana a tsakar gida ba bargo.

Malamin Jami'a, Sashen Kifi:
Allah ya shirye ka, Auta. Malam, ina ganin an bar asalin tambayar an koma labarin amai da farashi. A matsayina na wanda ya karanci halittun ruwa, amfanin waɗannan hotuna ba ƙarami ba ne. A ƙarni na 20 an kashe wel kusan miliyan 2 a tekunan kudancin duniya, tashar Giritbiken da aka kafa a tsibirin Jojiya ta Kudu a 1904 tana cikin manyan wuraren da ake narka kitsensu, kuma sai a 1982 hukumar kula da farautar wel ta duniya ta amince da dakatar da farautar kasuwanci, dokar ta fara aiki a kakar 1985 zuwa 1986. Sanin ko suna farfaɗowa yana buƙatar a gane ɗaiɗaikunsu shekara bayan shekara, jirgin bincike kuwa tsada gare shi, shi ya sa masana ke amfana da jiragen baƙi da ke zirga-zirga duk kakar. Labarin mutum ɗaya da bai yi sa'a ba ba ya rushe wannan.

Alhaji Mai Fata, Kofar Rini:
Malam na jami'a, da girmamawa, kun taɓa taka jirgin? Gani ya kori ji. Ku a littafi kuka karanta, ni da kuɗina da cikina na karanta. Wanda bai tsallaka Direk ba bai kamata ya tura dattijo can ba.

Malamin Jami'a, Sashen Kifi:
Ban taɓa ba, Alhaji, kuma ban ce ya tafi ba. Amma ku ma tafiya ɗaya kuka yi, a watan da bai dace ba, ta hannun dillalin da bai riƙe amana ba. Hajiya ta je ta dawo da labari dabam. Me zai sa naku ya zama hukunci nata ya zama sa'a?

Malam Na'ibi, Tudun Wada:
Ku yi haƙuri da juna. Tun da Malam ya ambaci azumi kuma ba wanda ya taɓa maganar, matafiyi yana da rangwamen ajiye azumi ya rama daga baya, wannan nassi ne a Suratul Baƙara. Sai dai ni a ganina, mutum ya bar Ramadan a Sakkwato, da tafsiri da tarawihi da buɗa-baki cikin iyali, don tafiyar da ba ta wajaba ba, abu ne da ya kamata ya auna da zuciyarsa, ya kuma zauna da malaminsa. Ku tambayi kamfanin ko suna da tashin da zai faɗo kafin azumi ko bayan salla.

Injiniya, Mabera:
Ni abin da ya tsaya mini a rai a labarin Alhaji shi ne bizar. Bature zai yanke shawara yau ya hau jirgi jibi, mu kuwa sai ka tashi daga Sakkwato ka tafi Abuja da takardun banki na watanni, da katin rigakafin shawara, da shaidar otal, sannan ka dawo gida kana jira ba ka san ranar ba. Kamfanonin kuma suna so ka gama biya watanni kafin tashi, wato kuɗinka na hannunsu tun kafin ka san ko za a bar ka ka shiga ƙasar. Bara haka na rasa taron ƙwararru a Turai, fasfona ya dawo bayan an rufe taron da mako biyu, kuma kuɗin rajista bai dawo ba.

Ɗan Runjin Sambo:
Ga kuma neman dalar kanta. Katina na naira ya ƙi biyan ko kuɗin inshora, sai da na bi ta hannun wani ɗan'uwa a waje, kuma kafin in tura masa kuɗin farashin ya sake motsawa.

Malamin Jami'a, Sashen Kifi:
Abin da ya fi ci mini rai ma shi ne wel mai doro yana zuwa Mashigin Gini haihuwa kowace shekara, ana ganinsa sosai a gaɓar Gabon daga Yuli zuwa Oktoba, masunta a gaɓar Benin da tamu ma suna cin karo da shi. Ɗalibaina suna gama digiri a kan halittun ruwa ba su taɓa ganin teku ba, saboda ba kuɗin fita da su ko zuwa Legas. Na rubuta neman tallafin irin wannan fita sau uku, ban sami ko amsa ba.

Tsohon Malamin Bayoloji, Arkilla:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Alhaji, na ji zafin abin da ya same ku, kuma ba zan ba kowane dillali ko sisi ba sai na karanta sharaɗin mayar da kuɗi da idona. Na cire Nuwamba daga lissafi. Hajiya, don Allah wace irin kyamara kuka riƙe, kuma wayar hannu za ta iya ɗaukar wutsiyar yadda za a karɓa? Sannan masanin da ke jirginku yana fita da ku a ƙaramin kwalekwalen roba, ko a cikin jirgi kawai yake lacca? Wannan ne zai sa in biya ko in fasa.

Alhaji Mai Fata, Kofar Rini:
Injiniya, naka fasfon ma ya dawo da wuri. Nawa sai da na yi zuwa Abuja sau uku, kuma a zuwa na ukun aka ce hoton da na kai bai yi daidai da girman da suke so ba, in je in sake wani in dawo ranar Talata.